Rina a Kwale-kwalen Zenon

Ana sanya Zenon Galinski a motar asibiti, fuskarsa a kumbure, numfashi na fita da ƙyar, Sajan Renata Dudek ta 'yan sandan garin Augustów ta iso bakin ruwan. Mai gadin ƙofar da kwale-kwale ke wucewa ta cikinta ne ya kira ta, domin abin da ya gani bai yi masa kama da tsautsayi ba.

Mai gadin ya juya mata kwale-kwalen Zenon. Ƙarƙashin mazaunin baya an shafe shi da zuma, rina sun yi masa baƙi.

Su huɗu suka fito yawon ruwan, kamar yadda suka saba duk bazara: Zenon da matarsa Lucyna a kwale-kwale ɗaya, sai abokansa Bogdan da Tadeusz, kowa da nasa.

Renata ta tare Lucyna kafin ta shiga motar asibitin.

"Wa ya san harbin rina na iya kashe mijinki?"

"Dukkanmu. Shi ya sa ba ya rabuwa da allurarsa. Da hannuna na sa ta a aljihun jakarsa da safe. Da ya faɗi na zazzage jakar, babu!"

"Yaushe kuka bar kwale-kwalen?"

"Da muka tsaya cin abincin rana."

Wuyanta da hannunta duk harbi ne, muryarta ta dashe da ihun neman taimako. Renata ta bar ta ta tafi.

Bogdan ƙato ne mai babbar murya, kuma sana'arsa kiwon zuma. Tun kafin a tambaye shi ya ɗaga hannu.

"Na san abin da kike tunani, Sajan. Eh, mun yi cacar baki da shi. Ya ce tuƙina kamar na tsohuwa mai dama miya, ni ma na gaya masa tasa. A kan wannan zan kashe mutum?"

"Ka zo da zuma?"

"In kai wa Zenon zuma cikin daji? Na haukace ne? Kyafaffen kifi muka ci, da burodi da kokwamba. Ko sukari ba ma ɗaukowa saboda shi."

"Ka je wajen kwale-kwalen?"

"Ina gindin wuta ina dafa shayi. Lucyna na zaune kusa da ni."

Renata ta buga wa Lucyna waya, Lucyna ta ce haka aka yi.

Tadeusz na zaune can gefe a kan kututture, ɗan siriri, da wata ƙaramar jaka ɗaure a ƙugunsa. Ya amsa cewa ya sauka bakin ruwa sau ɗaya don ya ƙara ɗaure igiyoyi.

"Me ke cikin jakar nan, Malam Tadeusz?"

"Alluraina. Ciwon suga gare ni."

"Sugan ya sauka yau?"

"Ko kaɗan."

Renata ta tsaya tana kallon wata rina da ke ta sauka a bakin jakar. Tadeusz ya kori rinar, ta dawo.

"Mai ciwon suga ba ya wuni yana tuƙi ba tare da abin zaƙi a jikinsa ba," in ji ta. "Nuna mini naka."

Bai motsa ba. Ta miƙa hannu ta kwance jakar. Akwai ƙaramar kwalbar zuma, an kwashe ta tas. A cikin allurai kuma akwai ɗaya mai kauri, da sunan Zenon a jiki.

"Matarsa ba za ta tara rina a kwale-kwalen da take zaune ciki ba," in ji Renata. "Bogdan bai bar wuta ba. Kai kaɗai ka sauka, kai kaɗai ke da dalilin ɗauke da zuma. Ka kuma ɓoye allura a inda ba wanda zai yi mamakin ganin allura."

Bogdan ya dafe kai. "Tadeusz! Kai da muka yi makaranta tare? Me ya yi maka?"

"Ɗana yana gidan yari," in ji Tadeusz, bai ɗago ba. "Zenon ne ya tsaya a kotu ya ce ya ga yaron a buge ranar da yaron ya yi hatsari. Zai iya cewa bai gani ba."

"Amma ka ce ka yafe! Ka ci abinci a gidansa!"

"Na faɗa."

Wayar Renata ta yi ƙara. Ta saurara, ta kashe.

"Zenon ya farfaɗo," ta ce. "Yana magana. Tambayarsa ta farko, wai ko rina sun taɓa abokansa."

Tadeusz ya miƙe, ya miƙa mata hannuwansa biyu.