Ƙashin da Gwaggo Ta Ce a Duba

Ranar Lahadi ce bayan an taso daga coci. Gidan su Lopeti, 'yan asalin tsibirin Tonga da ke zaune a garin Logan na Ostareliya, ya game da ƙamshin gasasshiyar doya da nama, amma shi ko loma ya kasa kaiwa baki, don ana maganar aurensa da budurwarsa Lesieli. Gwaggo Vaimoana, yayar mahaifinsa, ta harɗe a kan tabarma, kuma a danginsu idan ta yi magana an gama.

"Babu biki!" in ji ta. "Kumburin muƙamuƙin Lesieli ba na asibiti ba ne. Saiwar bishiya ce ta ratsa haƙoran ubanta a kabari, shi ya sa ciwon ya fito a jikin 'yarsa. Danginta su koma Tonga su tona kabarin, su wanke ƙashin su shafa masa mai, sannan a zo min da maganar aure."

"Haba Gwaggo! Yarinyar da har yau ba ta gama kukansa ba..."

"Rufe min baki, ɗan Ostareliya!"

Ya fice yana huci, sai gidan su Lesieli.

"Gobe mu tafi ofishin rajistar aure a ɗaura mana. Na gaji!"

Ta dafe kumatu, hawaye na bin yatsunta. "Ba zan shiga gidanku ta taga ba, Lopeti. Kuma ba za a tona Babana ba. Da hannuna na zuba masa farin yashi, na ce ya kwanta lafiya."

Haka ya haɗiye fushinsa. Ya yanke wa Gwaggo ciyawa, ya kai ta kasuwa, ya sha gori kamar ruwa, har ta yarda ta bi shi da Lesieli wurin likitan haƙori, "don in ga ƙaryarsu da idona."

Na'urar ɗaukar hoton ƙashi ta kewaya kan Lesieli a hankali. Sai ga muƙamuƙinta a kwamfuta, fari fat, ba fata ba nama. Likita Pham ta juya shi gaba da baya, ta tsaya a kan wani dunƙule.

"Ƙananan haƙora ne suka cure a cikin ƙashi. Irin wannan ba ciwon daji ba ne. Za mu cire, mu aika a ƙara tabbatarwa."

Gwaggo ta matso har hancinta na neman taɓa gilashin kwamfutar. "Juya min shi. Ƙasa! A'a, ɗaya gefen. Wannan zaren fa?"

"Hanyar jijiya ce, Mama. Kowa na da ita."

Ta duba lungu-lungu kamar mai tsince shinkafa, Lopeti na cizon leɓe. Can ta koma kujera.

"Da saiwa ta taɓa uban, da na ga sawunta a nan," ta ce a hankali. "A bar bawan Allah ya yi barcinsa."

Lesieli ta fashe da kuka, Gwaggo ta jawo ta jikinta. Sannan ta harari Lopeti.

"Kai kuma, da ban ce a duba ƙashi ba, da yaushe za ka kawo ta? Sakarai!"

Ya buɗe baki, Lesieli ta taka masa ƙafa. Ya rufe.

Da aka cire dunƙulen, kumburi ya sace, Gwaggo da kanta ta shimfiɗa musu tabarmar aure. Da Lopeti ya bi zuciya, da ya sami mata ya rasa dangi. Haƙuri ya ba shi duka biyun, mamaci kuma ya ci gaba da kwanciyarsa ƙarƙashin yashin da 'yarsa ta zuba masa.