Kafin Ka Cire Tsohon Direba

Ranar da firintar shagon Baba, inda take buga wa mutane takardu, ta ƙi buga ko layi ɗaya ne ta fara ganinsa. Ya shigo da jaka a kafaɗa, yana taku kamar shi ya ƙera kwamfutar.

"Kai ne mai gyaran?" ta tambaya.

"Injiniya dai, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, kuma tun daga nan zuciyarta ta tafi.

"Direba ne ya lalace," in ji shi, "wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane firinta. A cire shi, a sauko da sabo, shi ke nan."

Sai dai hannunsa na kan aiki, idonsa na kanta. Maimakon na firinta, gogan naku ya cire direban intanet, aka rasa hanyar sauko da komai. Masu jiran takardu suka watse, Baba yana tsaye yana kallo. Sai washegari aka gyara.

Bayan wata uku ya turo magabatansa, Baba ya ce sam.

"Mutumin da ke cire abu bai tanadi madadinsa ba? Yanzu ma ke yake son cire min daga shago. Wa zai zauna a kujerarki?"

Ta sha kuka har idanunta suka kumbura. Sai ga saƙonsa: "Gimbiyata, share hawayenki. Baba ya fi ni gaskiya. Ki ba ni wata biyu."

Daga nan ya ɗauke ƙafa daga shagon. Da kewa ta ishe ta, ta rubuta: "Injiniyana, ko ni ma ka cire ni ne?"

"Ke? Ai ba ki ciruwa. Ki dai yi haƙuri."

Ranar da wa'adin ya cika, sai ga Mama ta shigo shago da sabon tabarau, Injiniya na biye da ita.

"Tashi min, 'yar nan."

Mama ta zauna ta buga wasiƙa guda tsaf. Ashe kullum da hantsi gida yake zuwa yana koya mata.

"Idan firinta ta ƙi fa?" Baba ya tambaya, yana neman mafita.

Mama ta zaro filashi, 'yar ma'ajiyar bayanan kwamfuta, daga jakarta ta ɗaga. "Sabon direba yana nan, Malam. Sai na tabbatar yana hannuna nake cire tsoho."

Injiniya ya durƙusa. "Baba, wannan karon na tanadi madadi."

Baba ya dubi matarsa, ya dubi 'yarsa da ke dariya cikin hawaye, ya yi murmushi.

"Ja'iri. Je ka turo manyanka."

Mama ce ta buga katin ɗaurin auren da hannunta, firinta kuwa ba ta yi gardama ba. Baba ya ɗauki na farko ya miƙa wa surukinsa.

"Na ba ka ita. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."