Ƙoshiyar Shadliya

"Baba, miƙo min ashana."

Duk mazan da ke shagon suka juyo suna kallonta. Shadliya ba ta saba tsoma baki a maganar maza ba, amma yau rayuwarta ce shimfiɗe a kan tebur, ina za ta iya yin shiru?

Mayafai biyu ne a gaban mahaifinta, Ammi Salah, masaƙin alharinin da duk birnin Mahadiyya na bakin teku ya san da zamansa. Tun zamanin kakan kakansa masaƙar nan take ƙara a lungun tsohon gari. Ga shi Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ga ido ya fara ja baya. Shi ya sa ya rantse ba zai ba da 'yarsa ba sai ga wanda zai gaji masaƙar, ya kuma ɗibar wa masu son ta wata shida kowa ya saƙo mayafi da hannunsa.

Mayafin Lutfi, mai sayar wa baƙi tsaraba a bakin ganuwa, sai sheƙi yake yi. Na Munzir kuwa, wanda take so kamar ranta, abin tausayi ne kawai. Masunci ne, hannu duk kanta, zare na taɓa shi sai ya maƙale. Wata shida ya ƙaurace wa teku yana jiƙa hannu a man zaitun, abokansa na tsokanarsa wai amarya ta shiga lalle, amma mayafin ya fito a karkace, ƙulli ta ko'ina.

Ta zaro zare ɗaya daga na Munzir ta kai masa wuta. Ƙaurin gashi ya tashi, tokar ta marmashe a yatsanta, alamar alharini na gaske. Ta zaro na Lutfi. Nan take ya narke ya dunƙule kamar leda, ashe zaren roba ne.

"Wane kamfani ne ya saƙa maka, Lutfi?"

Gogan ya hau kame-kame, wai ya bar baƙi a shago. Ya fice ko mayafin bai ɗauka ba.

Murnarta ba ta je ko'ina ba. Tsohon ya shafa saƙar Munzir ya ce yaron dai mai gaskiya ne, amma wannan hannu ko shekara goma ya yi ba zai zama na masaƙi ba, rantsuwa kuma tana nan daram.

Munzir ya sunkuyar da kai.

"Na yi iya yina, hasken idona... ki yafe min."

Zuciyarta ta karye, sai kuma wani irin fushi ya taso mata. Ta tuɓe takalmi, ta haye kujerar masaƙa, ta ɗauki ƙoshiya. Mahaifinta ya daka mata tsawa.

"Ke, sauka. Yaushe mace ta fara saƙa a garin nan?"

Ba ta sauka ba. Ƙafa ta taka, hannu ya jefa, ƙoshiya ta shiga kai da komo ba gargada. Ammi Salah ya karkatar da kai yana saurare. Ido ne ya gaza, amma kunnen masaƙi ba ya tsufa.

Tana saƙar tana faɗa masa. Shekara biyu ke nan, duk la'asar idan ya tafi shan gahawa a bakin tashar jiragen ruwa, ita ke warware inda ya kuskure ta ɗora. Mayafan amaren da ake ta yaba masa a kasuwar Juma'a, rabinsu hannunta ne. Shi kuwa kullum ya dawo sai ya ce yau hannu ya yi sauri, masha Allah.

"Magaji kake nema, Baba, ba suruki ba. Ga ni."

Ya matso a hankali, ya bi saƙar da yatsa tun daga wannan gefe har wancan. Bai sami ƙulli ko ɗaya ba. Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa.

Can ya juya wajen Munzir.

"Kai kuma tsayuwar me kake yi? Koma tekunka tun kafin ka ƙarar min da zare. Ka ce wa iyayenka ina jiransu ranar Juma'a."

Da bazara aka yi bikin. Amarya ta ratso ta ƙarƙashin tsohuwar ƙofar gari cikin jan alharini mai ratsin zinariya, guɗa na tashi, jiragen masunta na ta busa daga gaɓa. Wata dattijuwa ta kama gefen mayafin ta ce lallai Ammi Salah bai tsufa ba.

Tsohon ya ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi za su ji.

"Ba ni ba ne, Hajiya. 'Yata ce ta saƙa."