Mai Kwalabe

A cikin kwalekwale suka fara haɗuwa, damina ta yi nisa, ruwa ya shanye hanyar Kirikasamma. Sakinatu tana dawowa daga gidan gwaggonta, Shu'ibu kuma yana zaune a gabanta rungume da wani akwatin katako. Duk sanda kwalekwalen ya girgiza sai kwalabe su yi ƙara a ciki.

"Malam, turare kake sayarwa?" in ji ta.

Da wani ne da ya ce e, ya huta. Shi kuwa sai ya ce, "A'a, ma'aikacin lafiya ne ni. Fitsarin mutanen ƙauye ne, zan kai Hadeja in duba a madubin likita ko akwai tsargiya."

Wata tsohuwa ta rafka salati. Mutane suka ja gefe guda har kwalekwalen ya karkata. Sakinatu ta toshe hanci da mayafi, ta tofar da yawu a ruwa, ni ma da ina wurin da na tofar. Amma da ta ga yadda ya ƙanƙame akwatin nan kamar jariri, kunya ta rufe shi, sai dariya ta kuɓuce mata.

Bayan sati biyu wasiƙa ta iso gidansu.

"Sakina, sanyin idona, sau uku na wanke hannu da sabulu kafin in taɓa takardar nan. Dariyarki ta hana ni sukuni. In kin yarda zan zo zance ranar Juma'a. Naki, Shu'ibu."

Ta mayar masa: "Mai kwalabe, ka zo. Amma ka bar akwatin a asibiti."

A shekarun nan kuɗin mai ya fara shigowa, kowace majalisa hirarta ɗaya ce, wane aiki ne zai fi ɗaukar mutane nan gaba. Wasu su ce malanta, wasu gini, wasu tuƙin mota, wasu aikin asibiti. Malam Gwadabe mahaifin Sakinatu, dillalin bandar kifi, ya tsaya a kan tuƙi, domin Fannami direban tifa, mai neman auren Sakinatu, ya daɗe yana sauke masa buhun shinkafa a ƙofar gida.

Da magabatan Shu'ibu suka zo gaisuwa, ko tabarma Malam bai sa an shimfiɗa musu ba. Ya shiga gida yana tsaki.

"Barira, kin ji abin da 'yarki ta kwaso mana? Mai ɗaukar fitsarin jama'a! Da wannan hannun zai ci tuwonta? Tir!"

Mai faɗin haka fa shi ne wanda ƙudaje ke rakowa daga kasuwa har zaure. Amma shi ƙarnin kifinsa bai taɓa damunsa ba.

Fannami kuma ya bi gari yana cewa wai bokaye Shu'ibu yake kai wa kwalaben. Maganar ta kai kunnen Sakinatu, ranar Juma'a ta fito fuska a ɗaure.

"Gaya mini gaskiya, me kake yi da ƙazantar nan?"

"Wallahi ni ma tana tayar mini da zuciya, Sakina," in ji shi. "Amma ƙwayayen cutar a ciki suke. Daga ruwan fadama ake ɗaukarta, mutum ya yi ta fitsarin jini ana cewa alamar balaga ce, har ta cinye shi. In ban duba ba wa zai duba?"

Ta tura masa kwanon ruwa. "Sha, mai kwalabena. Na yarda da kai."

Ashe Malam Gwadabe da kansa ya shekara da shekaru yana wannan fitsarin jinin, tun yana bin masunta cikin ruwa. Bana abin ya tsananta, ya rame, saiwoyi da sassaƙe sun ƙi aiki. Barira ce mai wanke masa wando, ita ta gaya wa 'yarta tana kuka. Sakinatu ta rubuta wa Shu'ibu. Bai gaya wa kowa ba, ya aiko da wankakkiyar kwalba a naɗe cikin tsumma. Malam ya yi jifa da ita bayan randa.

Fannami ya zo dubiya, ya ji zarni a zaure, ya tsaya daga bakin ƙofa yana fifita da hula. Kafin la'asar 'yan tasha suna ta ƙyaƙyata dariya, ya ba su labarin tsohon da ba ya iya riƙe fitsari. Mutumin da yake neman 'yarsa ke nan! Labarin ya dawo wa Malam. Can ya tambayi Barira tun yaushe yaron asibitin nan ya sani.

"Wata guda ke nan, Malam. Ka taɓa ji a bakin wani?"

Washegari da hantsi Shu'ibu ya tarar da Malam tsaye a ƙofar baya ta asibiti, hannu cikin riga. Ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya kau da kai, ya miƙo kwalbar.

"Karɓi. Ka duba yau ɗin nan."

"Baba, ku zauna ku huta, ai ba gaggawa."

"Akwai gaggawa, yaro. Yau kai malamin asibiti ne, ni majinyaci. Ranar da aka shafa fatiha ka zama surukina, ko mutuwa zan yi ba zan miƙa maka wannan abin ba. Ka gama da ni tukuna."

Sai da Shu'ibu ya kai ƙofar ɗakin gwaji sannan ya gane abin da aka ba shi, wato Malam ya ba shi Sakinatu ke nan. Saura kaɗan kwalbar ta suɓuce masa.

Tsargiya ce kuwa. Aka yi wa Malam allurai, ya warke, ya koma kasuwa. Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure, masunta suka cika ƙofar gida, mata suka yi ta guɗa.

Tun daga ranar Malam Gwadabe bai ƙara kama sunan Shu'ibu ba, in ya hango shi sai ya sake lungu. Albarkar ma ta bakin Barira ya aika: a gaya wa mijin yarinyar nan, yadda ya rufa masa asiri Allah ya rufa nasu, ya ba su zuri'a ta gari. Sakinatu ta sunkuyar da kai cikin mayafi tana hawaye, ta ce amin.