Baƙin Layin Dandali

Rana ta yi ja a bayan katanga, Inna tana kwashe shanya, Auta tana wanke kofuna a bakin famfo, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Yaya yana zaune a ƙofar ɗakin mahaifinsu, inda yake zama kowace yamma tun da mahaifin ya rasu, hannuwansa fari fat da ƙurar aiki. Kowa a gidan Yaya yake ce masa, har Innar da ta haife shi.

"Yaran maƙwabta ne," in ji Inna. "Duk wanda na kama sai na murɗe masa kunne."

Wani dutsen ya sake faɗowa, ya gangaro ta indararo ya tsaya a gaban ƙafar Yaya. Ya ɗauka ya juya shi. Baƙi ne, yankakke tsaf, an goge fuskarsa har tana ɗaukar ido. Ya san yankan.

Baba mai adon dutse ne. Yakan sassaƙa rami siriri a jikin farin dutse, ya yanka masu launi ya dasa a ciki, ya goge har yatsa ya kasa jin mahaɗa. Aikinsa na ƙarshe shi ne daɓen sabon dandali na gaban tasha, inda mutane ke shan iska da yamma. Baƙin layi ne guda ɗaya ya ratsa tsakanin jajayen furanni, ya nutse ƙarƙashin kansa, ya ɓullo, ya zagaye daɓen kaf. Ciwo ya kwantar da Baba aikin bai ƙare ba, Yaya ne ya ƙarasa.

Tun daga wannan yammar gidan ya canza. Da rana lafiya lau. Da inuwar katanga ta kai bakin famfo sai jifa ya fara, ƙofar waje ta cije, ko ƙato ya sa kafaɗa ba ta motsi sai gari ya waye. Maƙwabta suka daina aiko yara aron tsintsiya. Kaji ma suka koma kwana a wani gida.

Sai abin ya koma kan Auta. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa ta yi shiru. Da magariba takan miƙe ta ɗora tafin hannu a bangon ɗaki, ta fara bin sa a hankali, kusurwa zuwa kusurwa. Ƙofar ɗakin a buɗe take, labule a ɗage, amma in ta zo daidai wurin sai hannunta ya bi iska ya wuce kamar bango ne.

"Auta, ga ƙofa nan," Inna takan ce. "Ga ni nan, zo."

"Babu ƙofa, Inna."

Haka take zagaye har tafin ƙafarta ya tsage. Yaya ya taɓa ɗaukarta cak zai fito da ita, ya ji nauyinta kamar na dutsen da sai mutum huɗu suke ɗagawa. Ya sauke ta, ya koma ƙofar ɗakin Baba ya haɗa kai da gwiwa.

Inna ta aika aka kira Malam, wani tsoho mai ilimi da ya san Baba tun suna samari. Ya iso da sauran rana, ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofar Auta, ya fara karatu a natse. Inuwa ta ci tsakar gida. Auta ta miƙe, ta ɗora hannu a bango, sai ta tsaya. Da ta buɗe baki, muryar wata dattijuwa ce ta fito, busasshiya, mai gajiya.

"Mai farin gemu, rage murya. Ni ba kurma ba ce."

"Ke ma ki rage jifa, rufin ba naki ba ne," in ji Malam. "Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. Shi ma ɗana me ya yi?"

Idanun Auta suka juyo kan Yaya, ba su ƙifta ba.

"Mu mutanen ɓoye, duk layin da muka gani a ƙasa bin sa muke, ba ma tsallakawa. Marigayi mai gidan nan ya sani. Duk zanen da ya yi sai ya bar mana tsaga, ko faɗin yatsa ne, mu fita ta nan. Ɗana ya shiga zanen nan yana wasa, wannan ya zo ya toshe. Yana can yana zagaye, mutane suna taka shi, yana kirana. Ku ma ku ɗanɗana."

Nan take Yaya ya gane. Ya tuna tsagar. Ranar da ya koma aiki bayan rasuwar ya gan ta, wurin da baƙin layin bai haɗu ba. Ya ɗauka idon Baba ne ya gaza a ƙarshen kwanansa. Ya ji ba zai iya bari wani ya nuna da yatsa ya ce tsohon ya yi kuskure ba, sai ya yanka baƙin dutse ya cike gurbin, ya goge, bai faɗa wa kowa ba.

"Asirinsa na so in rufa," ya ce.

"Ka rufa ɗin," in ji muryar. " Yanzu sai ka farfashe daɓen nan gaba ɗaya."

"Shi kaɗai ya rage min na hannunsa, Malam."

Malam ya ɗaga masa hannu, ya dubi yarinyar. "Baiwar Allah, ƙofa kika zo nema ko ramuwa? Za a buɗe miki faɗin yatsa, kamar yadda mai aikin ya saba. Ki karɓi ɗanki ki sakar musu tasu, kuma kada ki sake waiwayar gidan nan."



"Faɗin yatsa biyu," in ji muryar. "Ƙafafunsa sun kumbura. Kuma yanzu, kafin duhu ya rufe."

Ƙofar waje ta yi ƙara ta buɗe da kanta.

Yaya ya ɗauki guduma da ƙarfen sassaƙa ya fita da gudu. Dandalin cike yake da masu jiran mota da masu hira a kan benci. Ya durƙusa a tsakiyarsu yana neman inda ya cike. Ya bi layin da ido, bai gani ba. Ya rufe ido ya bi shi da yatsa yadda Baba ya koya masa, gefe zuwa gefe, santsi ɗaya ne, ba mahaɗa ko ɗaya. Ya kasa gane inda hannun Baba ya tsaya nasa ya fara.

"Bawan Allah, allura ka yar ne?" wani direba ya tambaya, aka yi dariya.

Hasken ya kusa ƙarewa. Ya kafa ƙarfen a inda yatsansa ya tsaya, ya ce, "Baba, ka yafe min," ya sauke guduma. Baƙin dutsen ya tsage, ya ɓalle. Wata iska mai sanyi, gajeriya kamar tsayin yaro, ta goge gwiwarsa ta wuce tana ɗingishi a cikin ƙura.

Da ya dawo, ya tarar da Auta zaune a tsakar gida, ƙafafunta cikin kwanon ruwan ɗumi, Inna tana riƙe da kanta. Ta ɗago ta dube shi da idanunta na da.

"Yaya, wa ya dake ka kake kuka?"

Ya buɗe tafin hannunsa, ya daɗe yana kallon ɗan baƙin dutsen da ya ciro. Har yau bai san ko yankansa ne ko na Baba ba.