Juma'ar Haidar a Cocin Baftis

A wajen wata walima a garin Sterling, kusa da Washington, Sadiyya ta fara ganin Haidar, yana kokawa da murfin kular shinkafa. Ta buɗe masa da hannu ɗaya. Ya kalle ta, yunwar ta tafi.

Bayan wata biyar manyansa suka je gidansu a garin Manassas neman aurenta. Abba, mahaifinta, ya ce sai an yi bincike, ya ɗora wa ƙaninsa Kawu Sabo, direban tasi.

Sati biyu Kawu ya dawo yana haki.

"Yaya, yaron nan coci yake zuwa! Juma'a biyu ina bin sa. Wani tsohon cocin Baftis a cikin Washington, har wata tsohuwa ke tarbarsa a ƙofa."

Abba ya ce, "An rufe maganar."

Kan Sadiyya ya ɗaure. Mutumin da ke tashinta sallar asuba a waya? Ta tura masa saƙo: "Haidar, me kake yi a coci?"

"Salla mana, Zumata. Lafiya?"

"Wace sallar?"

"Ta Juma'a. Ni fa ban gane ba."

Ita ma ba ta gane ba. Kwana uku tana kuka kafin Abba ya yarda ya je ya gani da idonsa.

Ranar Juma'a suka je shi da Kawu Sabo. Tsohuwar ce ta tarbe su, Madam Olive mai kula da tarihin cocin. Ta tsayar da su gaban wani dusasshen hoto.

"Kakanninmu ne, bayin da aka 'yanta. Da hannunsu suka gina nan, don an hana su wurin ibada. Da Musulmin da ke aiki a unguwar nan suka rasa masallaci, sai muka buɗe musu ɗakin ƙasa."

Suka sauka. Ga dardumai, ga sahu, ga Haidar yana kiran salla.

Abba ya juya a hankali. "Sabo, ba ka shiga ba?"

"Ni in shiga coci, Yaya? Kuma babu wajen fakin."

Abba ya cire takalminsa ya shiga sahu.

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Abba ya damƙa wa Haidar hannun Sadiyya.

"Ka yafe mini, ɗana. Ga Sadiyya. Allah Ya yi muku albarka."

"Amin, Abba," in ji Haidar, ya ƙara riƙe hannun.