Dutsen Niƙan da Bashar Ya Fasa

La'asar ta yi sanyi lokacin da na sauka daga kwalta, na bi 'yar hanyar da ke zagawa bayan duwatsun Kwatarkwashi. Lodi ɗaya zan ɗauko in kai Gusau, in wanke hannu in tafi gida. Sunana Lawali, direban tifa ne ni. Yashi, tsakuwa, dutse, duk abin da magina suka ce a kawo shi nake kawowa. Amma lodin wannan rana na gida ne, domin yayana Bashar zai zuba harsashin gidansa.

Bashar magini ne. Allah ya yi masa hannu, sai dai bai yi masa kunne ba. Ya gina wa mutane gidaje a Sabon Gari har ya manta yawansu, shi kuwa yana haya a ɗakin da ruwan sama ke shigowa gaishe su duk damina. Da ya samu fili a gefen gari, a wani kwari da ruwa ke kwanciya, sai ya rantse ba zai aza bulo ko ɗaya ba sai ya shimfiɗa dutse na gaske a ƙasa. Ina son Bashar fiye da yadda nake nuna masa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Amma in ya kafe a kan abu, ko za ka shekara kana magana ba zai waiwayo ba.

Tun kafin in hango su Bashar warin ƙonanniyar taya ya tare ni. Haka ake fasa dutse in babu nakiya: a jibga tsofaffin tayoyi a kansa a cinna wuta, in ya yi jawur a sheƙa masa ruwa, ya tsage, sannan a bi shi da guduma. Abin da ya ba ni mamaki shi ne wurin. Masu fasa dutse na garin duk a ɗaya gefen suke aiki. Nan kuwa babu kowa sai Bashar da leburorin da ya kwaso daga Gusau.

"Dubi falale, Lawali," in ji shi, yana share gumi yana dariya. "Sumul kamar an goge. Mutanen garin ga sun bar shi nan yana kwana, wai ba a taɓawa."

Na duba. Dutse ne mai kyau, babu ƙarya. Sai dai a jikin manyan ɓallin da suka fasa akwai wasu kwarmi dogaye, masu santsi, irin na dutsen niƙa. Na sa yatsa a ɗaya na shafo. Gari ne fari, mai laushi, yana ƙamshin gero. Na karkaɗe hannuna.

Sun gama loda mini ke nan, rana ta yi ja, sai ga wata tsohuwa ta ɓullo daga cikin gonaki da ƙoƙo a hannu. Na san ta, Inna Uwa ce, tana fasa tsakuwa a bakin hanya, na sha ɗaukar kayanta. Ta tsaya inda falalen yake a da. Ta dubi baƙin toka, ta dubi ramin, ta dubi motata. Ta juyo ta dube mu.

"Wa yay yi wanga aiki?"

"Ni na, Inna," in ji Bashar. "Dutsen Allah na. Gida za ni ginawa."

"Ɗana, maniƙa ta. Tun kakanninmu na zaune bisa tudu nan aka niƙa. Mutane sun sauko, amma mai niƙan ba ta sauko ba. Kullum kahin magariba gida guda shi ka kawo mata tsaba, yau mu ad da kawowa." Ta matso kusa da motar, muryarta ta yi ƙasa. "Ba ta kwana babu tsaba. In ba a zuba mata ba, abin da tas samu shi taka niƙa. Bari in watsa ko daga nan."

Ta ɗaga ƙoƙon za ta watsa geron cikin bodi. Bashar ya kai hannu ya buge shi. Ƙoƙon ya tashi sama, geron ya tarwatse cikin toka.

"Kak ki sa min camhi cikin harsashin gida! Da bismilla za ni gini, ba da tsahi ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ko ba komai ta haife mu. Na ce, "Haba Yaya!" Ya daka mini tsawa in tada mota. Leburorin suka hau baburansu suka yi gaba. A madubi na ga Inna Uwa a durƙushe tana tsintar gero ƙwaya-ƙwaya daga cikin toka, ba ta ko ɗago ba.

Muka kama hanya ni da Bashar. Kafin a kai kwalta akwai tafiya ta cikin gonaki, gero ya yi tsayi hagu da dama, ya nuna, ana jiran yanka. Babu mutum ko ɗaya. Yanzu wa ke yarda magariba ta same shi a daji? Daga nesa muka ji an fara kiran salla, iska na kawo shi tana mayarwa.

Sai na ji wani abu a baya.

Gurrr. Shiru. Gurrr.

Na san kukan motata kamar yadda na san tarin matata. Wannan ba nata ba ne. Dutse ne ke gogar dutse, a hankali, gaba da baya.

"Lodi na ka zama," in ji Bashar, ba tare da na tambaye shi ba.

Na rage gudu. Ƙarar ba ta ragu ba. Na taka birki na tsaya cak, na kashe inji. Motar ta yi tsit, gonaki suka yi tsit, ko gyare babu.

Gurrr. Shiru. Gurrr.

Motar tana tsaye, amma tana ɗan lilo da mu. Gaba. Baya. Wani wari ya shigo ta taga, warin dutsen da ake gogawa babu komai a kansa, kamar an ƙyasta ƙyastu. A ƙarƙashin gurzar kuma akwai murya. Mace ce ke ƙunƙuni a maƙogwaro, irin na mai niƙa in aiki ya yi nisa.

"Yaya," na ce da raɗa, "mu koma da shi."

"Mu koma ina? Wani ɗan iska na yal laɓe ciki shina muna wasa."

Ya ɗauki guduma daga ƙarƙashin kujera. Na riƙe masa riga, ya fizge har ta yage. Ya buɗe ƙofa, ya taka taya, ya haye bodi. Na ji takunsa a kan duwatsu. Na ji ya ce, "Kai wane na?"

Gurzar ta tsaya.

Sai wata murya, siririya, busasshiya, kamar daga cikin tulu.

"Zubo."

Ban taɓa jin namiji ya yi irin ihun da Bashar ya yi ba, kuma ba na fatan in sake ji.

Ban san lokacin da na fita ba. Na kama ƙarfen bodi na ɗago kaina. Akwai sauran jan haske a yamma, ya isa in gani, da ma bai isa ba.

Bashar yana kwance rigingine a kan babban ɓallin nan mai kwarmi. Ƙafarsa ta dama tana cikin kwarmin. A kanta akwai wani dutse wanda sai da ƙarti huɗu suka kama kafin ya hau motar. Dutsen yana tafiya. Gaba. Baya.

A bayansa mace ce a durƙushe. Ta ba ni baya. Fara ce fat da gari tun daga kai har ƙugu. Gwiwoyinta sun nutse cikin dutsen kamar cikin laka. Hannayenta dogaye ne, sun wuce misali, kuma babu yatsu a ƙarshensu, sun cinye wurin niƙa. Da dungulmin take turawa.

Takalminsa ya riga ya tafi. Na ji ƙashi yana fashewa kamar ana taka busasshen kara. Jini ya cika kwarmin yana malala ta gefe, yana ɗiga ta ƙofar bodi zuwa ƙasa.

"Lawali! Lawali, ƙahwata!"

Na yi tsalle na faɗa ciki. Na kama shi ta hammata na ja da duk ƙarfina. Ko motsi bai yi ba. Duk turawa ɗaya sai dutsen ya ƙara jawo shi ciki. Idon sawu ya shige. Ƙwauri ya fara shiga.

Na ɗauki gudumar na maka wa matar a gadon baya. Ji na yi kamar na doki tsauni. Ƙotar ta karye, kan gudumar ya dawo ya fasa mini goshi. Jini ya rufe mini ido ɗaya.

Ba ta waiwayo ba.

"Zubo."

Na yi tunanin in ɗaga bodi in zubar da lodin. Amma duwatsun za su gangaro a kansa, in tsince shi a farfashe. Na karanta duk abin da ya zo bakina, ayoyin suna haɗewa da kuka. Ihun Bashar ya fara ƙanƙancewa. Idanunsa suka fara juyewa.

Gurrr.

"Zubo."

Sai maganar Inna Uwa ta faɗo mini. Tsaba.

Na diro ƙasa, na faɗi, na tashi. Na auka cikin gonar mutane kamar mahaukacin sa. Na riƙa karyo zangarniyar gero da hannu biyu, kara na yanka mini tafi, ƙaiƙayi na shiga ido. Na cika rigata. A bayana ina jin gurzar, ba na jin Bashar.

Na hau. Gwiwarsa ta kusa bakin kwarmin.

Na murje zangarniya a kan dutsen. Ƙwayoyin suka zuba cikin jini. Na murje wata. Na watsa sauran gaba ɗaya, har da soshiya.

Dutsen ya tsaya.

Matar ta sunkuyar da kai, ta shinshina. Na ji numfashinta a bayan hannuna, sanyi ƙalau. Sannan ta sa dungulmin hannunta ta share abin da ya rage na ƙafar yayana gefe, kamar yadda mace ke share tsakuwa daga cikin hatsi. Ta tara geron a tsakiya.

Gurrr.

Ƙunƙunin ya dawo, a natse.

Na ja Bashar na sauko da shi. Na kwance rawanin da nake tare ƙura da shi na ɗaure cinyar tamau. Na saɓa shi a kafaɗa na bar motar nan a buɗe, na yi ta gudu ina faɗuwa har na kai kwalta. Wata motar Tsafe mai zuwa Gusau ce ta tsaya mana, Allah ya saka wa direban nan, don da yawa sun ga jini sun ƙara wuta.

A asibiti suka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na ce musu lodi ne ya zame, suka rubuta haka. Likitan ya nuna mini hoton ƙashin, ya ce akwai wani ɗan tsinin dutse da ya shige can cikin ɓargo, ciro shi ya fi barinsa haɗari.

Da gari ya waye na koma da mutanen Kwatarkwashi. Muka tarar da motar yadda na bar ta. Kwarmin cike yake da gari mai laushi, sai dai ba fari ba ne. Muka mayar da duwatsun inda aka fasa su, muka jera su yadda muka iya. Inna Uwa ta zuba tsaba. Da zan tafi ne kawai ta tambaya, "Duka kunka maido?" Na ce duka. A lokacin ban tuna da hoton likita ba.

Bayan an sallamo shi, matarsa Balkisu ta kira ni gefe tana kuka. Ta ce kullum in magariba ta yi, Bashar sai ya riƙe dungulmin ƙafarsa yana cizon matashi, kuma in ta kasa kunne tana jin ƙara daga cikin ƙashin. Da safe sai ta share wani farin gari a kan zanin gado. Muka koma asibiti, suka ce ƙashin yana cinyewa, ba su san dalili ba.

Ni na ce ta gwada ajiye ƙoƙon gero a ƙarƙashin gado kafin rana ta faɗi. Ranar ya yi barci har da minshari. Da safe geron ya zama gari.

Filin Bashar yana nan a kwarin, ruwa na kwanciya a ciki, kwaɗi sun samu gida. Shi kuma yana nan a ɗakin haya, mutumin da ke daka wa duniya tsawa yanzu da ƙyar ake jin sallamarsa. Ni na daina ɗaukar dutse sai yashi, kuma duk lokacin da na sayi hatsin gidana sai na sayi na ƙarƙashin gadonsa.

Sau ɗaya aka yi kuskure. Bara Balkisu ta tafi suna Kucheri, mota ta lalace musu a hanya, magariba ta yi babu wanda ya zuba. Wannan karon daga saman gwiwa suka yanke, kuma tsinin ya riga ya ƙara hawa.

Shi ya sa duk inda nake, in rana ta yi ja, sai na tsaya gefen hanya na kira ta a waya. Ba ma ko gaisawa.

"Balkisu, kin zuba?"